Shatar bulala a cinyar ɗan shekara uku

Uwar Biyu: Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah shawara nake nema, tun jiya raina a jagule yake. Ƙaramin ɗana shekararsa uku da wata huɗu. A watan Satumba na sa shi nazare a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu. Makonnin farko da murnarsa yake tafiya, shi yake ɗauko takalminsa da kansa. Yanzu da ya ga na ɗauko yunifom sai ya shige bayan ƙyaure ya maƙale. Jiya ina yi masa wanka na ga shatar bulala biyu a cinyarsa. Na tambayi yayarsa, ta ce Anti ce ta dake shi don bai rubuta 1 zuwa 50 ba. Yaron da ko cokali bai gama iya riƙewa ba! Kullum da aikin gida shafi biyu, ni nake kama hannunsa muna yi yana gyangyaɗi. Ga shi ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Babansa ya ce in bar maganar, haka kowa ya yi karatu. In je makarantar ne, ko in cire shi, ko ni ce na cika zaƙewa?

Ɗan Kwari: Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiyar maigidanki ce. Mu da muka sha dorina a makarantar allo da tsumagiya a firamare ga mu nan, ba abin da ya same mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan lallashin ne ya sa yaran yanzu ba sa jin magana.

Hajiya Kaka: Ɗan nan, tanƙwarawa aka ce, ba a ce karyawa ba. Kai kana da shekara nawa aka kai ka makarantar allon? Ka tambayi tsohuwarka. A shekara uku kana tsakar gida kana tuwon ƙasa, tumbi a gaba.

Ɗan Kwari: Hajiya Kaka kin gama da ni. Amma zamanin ya canja, yanzu in ba a fara da wuri ba a bar yaro a baya.

Sista: Uwar Biyu, ba zaƙewa kika yi ba. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, yana ɓuya in ya ga kayan makaranta, magana yake yi miki da jikinsa tunda bakinsa bai kai ba. Ki fara kai shi asibiti a duba fitsarin don a tabbatar ba ciwo ba ne, amma ni na fi zargin tsoro. Batun rubutu kuwa, ba taurin kai ba ne. Yatsun ɗan shekara uku ba su nuna ba. Abin da ake sa ran ya iya a wannan shekarun shi ne ya zana da'ira, ya ja layi, ya ɗora gwangwani kan gwangwani, ya haɗa 'yar jimla. Riƙon fensir irin na manya sai wajen shekara biyar zuwa shida yake zaunawa ga yawancin yara. Ki ce ya rubuta 50, kamar ki ce jaririn wata uku ya tashi ya yi tafiya ne, in ya ƙi ki zane shi.

Antin Nazare: Ni malamar nazare ce, shekarata shida ina yi. Ba zan kare wadda ta yi dukan ba, ta yi kuskure. Amma ku ji namu ɓangaren. Ajina yara 43, ni kaɗai, ba mai taimako. Wannan ya yi kashi a wando, wancan ya ciji ɗan'uwansa, wata tana kukan mamanta. Albashina dubu 25, a ƙasar da aka ce mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024. Ƙarshen zango kuma mai makaranta zai ɗauki littafin kowane yaro ya duba, in ya ga shafi babu rubutu ni ce malalaciya. Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake tafiyar da ƙananan yara. Sakandare na gama aka ba ni alli. Ranar da na fara aiki abin da aka miƙo mini rajista ce da 'yar tsumagiya.

Mai Makaranta: Tunda an taɓo mu bari in tanka. Wallahi iyaye ne suke tura mu. Na taɓa hana aikin gida a nazare ɗaya, na sayo tabarmi da kwalaye da yashi na zuba a kusurwar aji. Zango bai ƙare ba iyaye bakwai suka kwashe 'ya'yansu. Wata uwa ta tsaya a bakin ofishina tana cewa ita ba ta biya kuɗi don ɗanta ya zo ya yi wasan ƙasa ba, ƙasa akwai ta a gida kyauta. Ɗan maƙwabciyarta wai yana karanta sunayen jihohi 36 da manyan biranensu. Dole na mayar da aikin gida, in ba haka ba in rufe.

Tsohon Hedimasta: Jihohi 36! Ku kira yaron ku tambaye shi mece ce jiha. Aku ma yana yin wannan. Shekara 35 na yi a aji, na ga irinsu da yawa: su shigo aji ɗaya suna rera A zuwa Z kamar waƙa, ka nuna harafi ɗaya a tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ido. Wanda kuma ya zo daga gidan da kaka take yi masa tatsuniya, bai san ko harafi ɗaya ba, kafin zango na biyu ya wuce su, saboda kansa cike yake da kalmomi, ya san yadda labari yake farawa da yadda yake ƙarewa, ya iya zama ya saurara. Ita kanta manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, shekara ɗaya tak ta share fagen firamare ta shigar cikin ilimin dole, ga ɗan shekara biyar, kuma ta ce ta hanyar wasa za a koyar. Ba ta ce a ɗora wa ɗan shekara uku jakar da ta fi shi nauyi ba.

Ɗan Kwari: Ranka ya daɗe, na yarda rubutun ya yi masa yawa. Amma duka fa? Addini ma ya yarda a daki yaro.

Malam Na Zaure: Alhaji, a yi hattara da jingina wa addini abin da bai ce ba. Hadisin da kake nufi yana cikin Abu Dawud: a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a buge su a kanta suna da goma. Ka duba da kyau. Salla ce fa, ginshiƙin addini. Duk da haka kafin bakwai ko umarni ba a ce a yi ba, sannan aka ba da shekara uku cur ana koyarwa ana tunatarwa kafin a ambaci bugu, malamai kuma suka ce bugun da ba ya raunatawa, ba ya barin tabo, ba a fuska ba. To in salla ba a bugi ɗan shekara tara a kanta ba, da wace hujja za a bugi ɗan shekara uku a kan 1 zuwa 50? Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Annabi yana salla ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro don kada hankalin uwar ya tashi. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Dorinar da muka sha al'ada ce, mu kira ta da sunanta.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan shekarun. Amma ni abin da ba na so shi ne wannan maganar 'yancin yara da Turawa suka kawo. Gobe ɗanka ya kai ka kotu don ka ja masa kunne.

Barista: Alhaji, tunda nake aiki ban ga yaron da ya kai ubansa kotu a kan jan kunne ba. Waɗanda nake gani su ne yaran da aka ƙona wa hannu a kan naman miya, da 'yan aikatau 'yan shekara tara da aka karya wa haƙarƙari. Bari in ɗan warware yadda abin yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991. Afirka ma ta yi tata a 1990, wadda har nauyin da ke kan yaro game da iyayensa da al'ummarsa ta lissafa. A 2003 Najeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, amma sai kowace jiha ta mayar da ita tata kafin ta yi aiki a cikinta. Jihohinmu na Arewa sun daɗe suna jan ƙafa, musamman saboda batun shekarun aure da ɗaukar ɗan riƙo. Daga baya aka zauna da malamai aka yi gyare-gyare: Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai a watan Mayun 2023. Abin da dokar 2003 ta ƙunsa ba baƙo ba ne a wurin Musulmi: a raɗa wa yaro suna, a yi masa rajistar haihuwa, a kula da lafiyarsa, a ba shi ilimi, kada a ci zarafinsa ko a wulaƙanta shi. Sashe na 12 ma cewa ya yi yaro yana da haƙƙin hutu da wasa.

Amma kada in rufe ku, akwai ɓaraka. Tsohuwar dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Penal Code, sashe na 55, ta bar wa uba da malamin makaranta damar horon yaro muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Da wannan ƙofar masu duka suke fita. Saboda haka Uwar Biyu, ba kotu nake tura ki ba. Ki ɗauki hoton shatar yau kafin ta baje, ki ajiye a wayarki kada ki watsa, ki je wurin mai makarantar ke da maigidanki. In ba a saurare ku ba, akwai sashen da ke kula da makarantu masu zaman kansu a ma'aikatar ilimi ta jiha, da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Uwar Biyu: Na gode Barista. Ni tsorona kada a tsangwami yayarsa da take can.

Mai Makaranta: Ki same shi a ofis ke kaɗai ko da maigida, ba a bakin get gaban iyaye ba. Wanda ya san kasuwancinsa zai ji ki. In kika fara da tonon silili a Facebook, to nan ne zai murje ido.

Mushen Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa, daga Nijar nike biye da ku, ni mushe ne, wato malamin makaranta. Wagga matsala ta takura ma yara a makaranta har wajenmu akwai ta, sai dai namu batun harshe ne, Faransanci. Yaro ya tashi da Hausa a gida, ya shiga lakkwal, wato makarantar boko, a ce mishi daga yau ba ya da harshe. Iyayenmu suna ba da labarin wani abu da ake rataya ma yaro a wuya in ya yi Hausa cikin aji, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani ya miƙa mai. Alhali tun shekarun 1970 aka buɗe makarantun gwaji da Hausa a nan, kuma mu da muka koyar mun ga yadda ɗiyan ke buɗe baki su yi tambaya in da harshensu ne. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Muna jiran mu gani a cikin aji, don takarda daban, allo daban.

Tsohon Hedimasta: Mushe ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu a nan tarar "banakula", wato yin Hausa a aji, ake ci, naira biyar ko bulala biyar. An gwada abin nan tuntuni a ƙasar Yarabawa: Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ife daga 1970, aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su faɗi a Turancin ba, a sauran darussa kuma suka yi zarra. A nan Arewa an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, duka da Hausa ake fara koyon karatu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa za a yi amfani da shi duk shekarun firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka soke. Su yi ta yi. Ni dai na san yaron da ake yi wa tsawa da harshen da ba ya ji, duka biyu ake yi masa.

Ɗan Kwari: To amma jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema. Ni da ban samu ba na san abin da na rasa. Kwastan ya miƙo maka takarda kana neman mai karanta maka. Ba na so 'ya'yana su sha wannan.

Tsohon Hedimasta: Wannan magana taka gaskiya ce Alhaji, ba wanda ya ce kada su iya. Cewa muke yi wanda ya iya karatu da Hausa rabin aikin ya gama, haruffan kusan duk ɗaya ne. Gini ne, ba a fara shi daga rufi.

Sista: Bari in ƙara wani abu, don duk mun tattara a kan makaranta, alhali babban aikin an gama shi kafin yaro ya sa yunifom. Kwana dubun farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, nan ƙwaƙwalwa take ginuwa da saurin da ba za ta sake yi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Fiye da rabi ke nan. Tsumburewa ba gajarta kaɗai ba ce, har kai take taɓawa. Shi ya sa muke ta fama: nono zalla wata shida ba ko ruwa, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu kamar yadda ya zo a Baƙara, kunun yaye a sa masa gyaɗa da waken suya, a ba shi ƙwai. Har yau akwai gidajen da ake cewa ƙwai yana sa yaro sata.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya take zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu. Waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba fensir, ba allo. Gwangwani da tsumma da hira.

Hajiya Kaka: Ikon Allah. Ashe abin da muke yi ne aka je aka auna. Mu da goyo muke daka, muke tankaɗe, muna yi wa yaro 'yan waƙoƙi. In an ci tuwon dare a shimfiɗa tabarma, "ga ta nan ga ta nanku", su ce "ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, ƙulin ƙulifita su yi ta rige-rigen cewa gauta. 'Yan mata da carafke suke koyon ƙirga, maza su ƙera mota da kara. Yanzu jikokina in sun zo kowa da waya a hannu, ɗan shekara biyu yana dangwala ta kamar ma'aikacin banki, amma ka ce ya gaishe ka sai ya kalle ka.

Sai dai kada mu wanke kanmu tas. Ni ɗan farina ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, saboda kunya. In yana kuka surukata tana wurin, sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Allah ya sa akwai kakarsa da gwaggonninsa da suka ɗauke shi. Yarinyar yanzu tana gidan haya ita kaɗai, ba kaka ba gwaggo, in ta ce za ta yi irin kunyarmu wa zai yi wa yaron magana?

Antin Nazare: Wallahi Hajiya muna ganinsu. Yaro ya zo shekara uku ba ya haɗa kalma biyu, ka bincika ka ji tun yana wata takwas aka jingina masa waya.

Sista: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya tana magana amma ba ta jiran amsa. Yaro kuwa da amsa yake koyo: ya ce "ba", ki ce "Baba? Ga Baba can", ya yi dariya, ki yi.

Ɗan Kwari: Wannan kam na ci tara. Ni nake miƙa musu tawa in na dawo kasuwa don in samu in huta.

Barista: Kafin in manta, duk wanda bai karɓar wa ɗansa takardar haihuwa ba ya je. Ta Hukumar Ƙidaya nake nufi, ba katin asibiti ba. Ranar da aka shiga rigimar gado ko aka ce a tabbatar da shekarun yaro a gaban alƙali, ita ce take magana.

Uwar Biyu: Salam jama'a, na dawo da bayani. Daren jiya na karanta wa Baban yara abin da Malam Na Zaure ya rubuta. Ya yi shiru, can ya ce in nuna masa cinyar. Yau da safe shi ya riga ni shiryawa. Mai makarantar ya karɓe mu da mutunci, ya kira Antin. Yarinya ce ƙarama wallahi, ba za ta wuce shekara 19 ba, tana shigowa ta fashe da kuka, har na ji kunyar fushin da na zo da shi. Na leƙa ajin: benci irin na manya, ƙafafun yaran suna reto, ba ko tabarma. Ya ce an daina duka a nazare daga yau. Aikin gida kuwa ya ce ba zai iya sokewa ba saboda sauran iyaye, amma nawa in ya yi ya yi, in bai yi ba ba mai taɓa shi. Mun yanke zai zauna a gida zuwa bayan hutu tukuna mu gani. Yanzu haka yana tsakar gida ya jera murafen lemo yana sayar mini, wai ɗaya naira "talatin da goma".

Ɗan Kwari: Talatin da goma! Hajiya wannan namu ne, in ya isa ki turo mini shi shago.

Antin Nazare: Uwar Biyu don Allah ki tara mini murafen nan in sun yi yawa. Akwai tsohuwar tabarma a gidanmu, ranar Litinin zan tafi da ita aji, in ya so mai makarantarmu ya ce in naɗe.

Mai Makaranta: In ya ce ki naɗe ki ce ya kira ni. Yashin nan nawa yana nan a buhu bayan ofis.